Fashin baƙi: in ruwa ya sauko ana tsakiyar tseren Formula 1, maganar wa za a bi, direba ko mutanen gareji?

Ranar 26 ga Satumba 2021 ne, a Sochi ta ƙasar Rasha. Tsere mai zagaye 53, saura kamar bakwai a tashi, Lando Norris na McLaren yana gaba, yaro ɗan shekara 21 wanda a lokacin ko sau ɗaya bai taɓa cin tseren Formula 1 ba, ga Lewis Hamilton na Mercedes manne da shi a baya yana neman nasararsa ta 100, sai kawai yayyafi ya fara a wani ɓangare na hanyar. Injiniyan Norris ya tambaye shi ta oba-oba ko zai shigo a sa masa tayar ruwa, yaron nan ya daka masa tsawa yace a'a. Shima Hamilton kiran farko da aka yi masa ƙin shiga yayi, wannan mutane sun cika mantawa da shi. Sai da aka sake matsa masa aka ce ruwan nan ƙaruwa zai yi sannan ya karkata ya shiga a ƙarshen zagaye na 49. Ba a yi zagaye biyu ba sama ta ɓalle, motar Norris ta koma kamar kwale-kwale, ya sulale ya bar kwalta, Hamilton ya wuce abinsa. Na bakwai Norris ya ƙare.

Tun daga ranar duk wanda kuka yi hirar da shi zai ce maka ai taurin kan yaron ne ya ja masa, tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Ni dai ban yarda cewa maganar ta tsaya a nan ba. Mutum biyun nan a hanya ɗaya suke, ruwa ɗaya ke dukansu, amma wallahi ba caca ɗaya suke bugawa ba, kuma in baka gane wannan ba to duk wani hukunci da za ka yanke akan canjin taya a cikin ruwa ihu ne bayan hari.

Bari mu fara da tayoyin kansu tunda su ne jarin. Tun 2011 kamfanin Pirelli ne kaɗai ke ba kowa taya a Formula 1. Ta busasshiyar hanya, wadda ake ce wa silik, ba ta da zane ko ɗaya, sumul take, wato irin suɗaɗɗiyar tayar da in ka je wajen fokanaiza da ita zai ce maka Alhaji wannan kam ta gama aiki, to a can ita ce sarauniya, saboda duk faɗin robar ne ke taka kwalta. Tana da kala uku a jikinta, ja mai laushi, ruwan ɗorawa matsakaiciya, fara mai tauri. Sai na ruwa guda biyu, mai koren layi da ake kira inta, ta yayyafi da jiƙaƙƙiyar hanya, da mai shuɗin layi mai zurfin zane ta ruwa kamar da bakin ƙwarya. Aikin zanen nan shine ya kwashe ruwan da ke tsakanin roba da kwalta ya watsar gefe. A alƙaluman da Pirelli ya sha bayarwa, in mota na gudun kilomita 300 a awa, inta guda ɗaya tana watsar da wajen lita 30 na ruwa a sakan ɗaya, mai shuɗin kuma wajen lita 85. Kayi tunanin jarka huɗu ta lita 20 har da ɗoriya, duk sakan, daga taya ɗaya. Ita kuwa silik ba ta da inda za ta kai ruwan, sai dai ta hau kansa, kuma da zarar ta hau to sitiyari da burki sun zama ado.

Amma zane rabin labarin ne, ɗaya rabin zafi ne, kuma shi ne wanda ba a gani a talabijin. Robar silik sai ta yi zafi wajen digiri 100 sannan take damƙar kwalta yadda ya kamata, shi yasa ake lulluɓe su da bargon lantarki kafin a ɗaura. In yayyafi ya fara, direba dole ya rage gudu, in ya rage gudu taya ta huce, in ta huce damƙar ta ƙara raguwa, sai ya ƙara rage gudu, kaga abin ya zama wani irin rami da kake ƙara zurmawa. Shi yasa za ka ga mota a zagaye ɗaya ta yi asarar sakan biyu kacal, a na gaba shida, a na gaban wannan kuma ashirin. Ba a hankali abin yake lalacewa ba, lokaci guda yake rushewa.

Ita ma inta tana da nata ciwon, a ɗaya gefen. Robarta laushi gare ta, ruwa ne ke sanyaya ta. Ka ɗora ta a busasshiyar kwalta zagaye kaɗan ne za ta dahu ta fara marmashewa. In kana kallo ka ga direba ya bar layin da kowa ke bi a miƙaƙƙiyar hanya ya je gefe yana taka inda ruwa ya kwanta, ba shirme yake ba, tayarsa yake shayarwa. Domin motocin nan da kansu suke busar da hanya, mota wajen ashirin na bin wuri ɗaya kowace tana watsar da ruwa sama, sai ka ga wani busasshen layi ya fito kamar turbar ƙafa a cikin ciyawa, faɗinsa faɗin mota ɗaya, in ka kauce masa da silik ko da taku ɗaya ne ka tafi.

Toh sai kuɗin shiga gareji. Mutane suna ganin makanikai sun canza taya huɗu a sakan biyu da ɗan wani abu, McLaren ma sun taɓa yi a sakan 1.80 a Katar a 2023, sai a ɗauka ai abin banza ne. Ba tsayuwar ce ke cin lokaci ba, layin garejin ne, don yawanci ba a yarda ka wuce kilomita 80 a awa a cikinsa ba alhali abokan hamayyarka na can waje suna tsala 300. In ka haɗa duka, sakan 20 zuwa 25 kake bayarwa a yawancin hanyoyi. Bashi ne ka ci, kuma sabuwar tayar ce za ta biya shi zagaye bayan zagaye. Yanzu ka ɗauki misali, a ce saura zagaye huɗu, shiga zai ci maka sakan 24, kenan sai inta ta fi silik sauri da sama da sakan shida a kowane zagaye kafin ka dawo da uwar kuɗinka balle riba. In yayyafin ya tsaya yadda yake, silik na asarar sakan biyu ko uku a zagaye, wanda ya shiga ya yi wauta. In ya ƙaru ta fara asarar ashirin, wanda ya zauna a waje ya mutu a tsaye. Lissafin ba wuya, ɗan firamare zai yi shi. Abin da babu mai shi a hannu shine lambar da za a saka a ciki, wato ruwan da bai sauko ba tukuna.

Kowace tawaga tana zuwa da wata lamba a rubuce tun kafin a fara, lokacin zagayen da in aka kai shi to tayoyin biyu sun yi kunnen doki, daga nan ɗaya ta fara fin ɗaya. In lokacin da motoci ke yi ya haura wannan lambar a koma inta, in ya sauko ƙasa da ita a koma silik. Sai dai lambar tana gaya maka abin da ya faru ne a zagayen da ya wuce, kai kuma shawarar da za ka yanke ta zagaye biyar masu zuwa ce. Shi yasa idanunsu ke kan motocin baya. Da zarar wani na can ƙasa ya yi kasada ya canza, to ya zama zakaran gwajin dafi, duk injiniyoyin manyan tawagogi sun zuba wa lokutansa ido sashe-sashe, don an raba kowace hanya gida uku wajen auna lokaci, in ya fi kowa sauri a sashe ɗaya ko biyu sai ka ga layin gareji ya cika kamar tasha ranar jajibirin sallah. A Turkiyya a 2021 Sebastian Vettel ne ya gwada silik a hanyar da bata bushe ba, ya yi ta tangal-tangal kamar mai koyon keke, zagaye ɗaya ya dawo aka cire masa. Ya yi wa kowa aiki kyauta, babu wanda ya sake gwadawa.

Yanzu ga inda rigimar take. Direba da mutanen gareji kowa rabin labari ke hannunsa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, direba ne kaɗai ya san yadda motar ke zamewa a ƙarƙashinsa a wannan kwanar a wannan sakan ɗin, babu kwamfutar da ta kai ɗuwawunsa sanin wannan. Amma a kwance yake kusan a ƙasa, hular kwano a kai, baya ganin hadarin da ke haɗowa ta bayan dutse, baya ganin na'urar rada mai nuna tafiyar hadari, bai san wa ya shiga wa ya fita ba, bai san tazarar da ke tsakaninsa da na uku ba sai an gaya masa. Su kuma na bakin gareji suna da rada, suna da lokutan kowace mota, wasu tawagogin har mutane suke ajiyewa a wasu kusurwoyin hanyar suna waya suna cewa ga shi nan ya fara a nan, amma basu san santsin ba sai dai a ba su labari. Kuma hanyar tana da tsawo, ta Sochi kusan kilomita shida ce, ta Spa a Beljiyam ta kai bakwai, ana iya yin ruwa a kwana ta biyar alhali bakin garejin ƙura ke tashi. Duk wanda ya san damina a wajenmu ya san wannan, a yi ruwa a unguwarku ka tsallaka titi ka tarar ko ɗigo.

Saboda haka in injiniya ya tambayi direba me kake gani game da inta, amsar da zai samu ta yanzu ce. Norris da yace a'a gaskiya ya faɗa, a wannan lokacin yawancin hanyar tana ɗaukar silik. Daga baya shi da kansa yace bayanin da yake da shi shine ruwan zai tsaya a yadda yake. Mercedes kuwa ba ra'ayin Hamilton suka tsaya nema ba a karo na biyu, labari suka ba shi, ruwa na ƙaruwa, kuma Max Verstappen wanda suke takarar kambu da shi ya riga ya shiga.

Ga kuma babban abin da ya raba su. Su biyun sun yi wa na uku nisa sosai, har in Hamilton ya shiga ya fito, a na biyun dai zai fito. Kenan shigarsa kusan kyauta ce, in ruwa ya tsaya ya ƙare na biyu, inda dama yake, in ya ƙaru ya ci tsere. Norris fa? In ya shiga Hamilton ya zauna a waje ruwa kuma ya ɗauke, ya ɗauki nasararsa ta farko a rayuwa ya miƙa da hannunsa saboda yayyafi, duniya ta yi masa dariya tace ya zubar da ruwan tulu don ganin hadari. Na biyu kullum yana da wannan gatan, ya jira ya ga abin da na gaba yayi sai ya yi kishiyarsa. Na gaba bashi da wanda zai kalla.

Shi yasa abubuwan mamaki a ranar ruwa daga baya suke fitowa. Wanda yake na 15 babu maki a hannunsa, maki daga na goma yake farawa, to me zai yi asara in ya gwada? A wannan tseren na Sochi, Valtteri Bottas yana can baya ba ya cikin masu maki, yana daga cikin waɗanda suka fara shiga, ya ƙare na biyar. A Nürburgring ta Jamus a 2007 wani Markus Winkelhock, a motar Spyker wadda ita ce kusan kurar baya a shekarar, aka kira shi tun kafin a tashi aka sa masa tayar ruwa alhali kowa na kan ta bushewa, ruwa ya ɓalle, sai ga shi yana jan ragamar tsere a ranarsa ta farko, wadda kuma ita ce ta ƙarshe, don bai sake yin wani tseren Formula 1 ba. A Hockenheim 2019 Lance Stroll ya riga kowa komawa silik ya ƙare na huɗu, Daniil Kvyat na Toro Rosso na uku, ranar da Verstappen ya ci bayan ya tsaya sau biyar. Ba wai sun fi manya basira ba ne, arha cacar take musu.

In kana son ganin yadda zama a gaba ke ɗaure mutum, kalli Hangari, 1 ga Agusta 2021. An yi karo a kwanar farko, aka ɗaga jar tuta ta tsayar da tsere, kafin a dawo rana ta fito hanya ta bushe. Da aka zagayo za a sake tashi, duk motocin suka kwarara cikin layin gareji neman silik, Hamilton shi kaɗai ya je ya tsaya a wajen tashi da inta, fitilu biyar suka kunna suka mutu saboda mota ɗaya tal. Hoton abin dariya ne, amma ka duba ta gefensa, shi ne a gaba, bai ga abin da na baya za su yi ba sai da ya wuce mashigar. Sannan garejin Mercedes shi ne na farko a layin, da ya shiga ma sai ya tsaya jiran jerin motocin su wuce kafin a sake shi. Zagaye ɗaya yayi ya shiga ya fito na ƙarshe. Esteban Ocon ya ci tserensa na farko.

Wani abu kuma da ya kamata a riƙe, kuskuren ba nauyinsa ɗaya ba ta kowane gefe. In daga bushewa ake tafiya zuwa ruwa, latti shi ne kisa, zagaye ɗaya na ƙari akan silik zai iya cin abin da ya fi kuɗin shiga garejin gaba ɗaya, in ma ka dawo da motar lafiya kenan. A Zandvoort ta Holan a 2023 ruwa ya sauko a zagayen farko, Sergio Pérez da ya tashi daga na bakwai ya shiga nan take, kafin kace kwabo shi ne a gaba. In kuwa daga ruwa ake komawa bushewa, gaggawa ce ke kisa, wanda ya makara da zagaye ɗaya ɗan sakanni zai rasa, wanda ya yi azarɓaɓi da zagaye uku katanga ce ke jiransa.

Sai dai kar wani ya ɗauka ƙa'ida ce cewa da ganin ruwa a ruga. Rubens Barrichello a Hockenheim a 2000 daga na 18 ya tashi, ruwa ya sauko a ɓangaren da 'yan kallo suke alhali dogayen hanyoyin cikin dajin a bushe suke, manyan suka shiga, shi ya ƙi, ya ci tserensa na farko yana kuka akan dandamali. Abin da Norris yayi kenan sak, bambancin kawai ruwan Barrichello bai game hanya ba. Ko Timo Glock da ake ta zagi tun 2008 saboda Hamilton ya wuce shi a kwanar ƙarshe a Burazil ya ƙwace kambu daga hannun Felipe Massa da maki ɗaya, zaman da yayi akan tayar bushewa riba ya ci da shi, don yana na bakwai kafin ruwan, ya ƙare na shida. Da ya shiga kamar kowa da Hamilton bai ma buƙaci wuce shi ba.

Akwai wani yanayi da ni a ganina yafi duka wahalar karantawa, hanyar da bata jiƙe sosai ba kuma ta ƙi bushewa. A nan inta in ta daɗe zanenta yana suɗewa ta koma kamar silik mai laushi wadda ta riga ta ɗau zafi, sai ta dace da hanyar fiye da sabuwa. Turkiyya 2020, Hamilton ya ɗaura inta a zagaye na takwas ya kai ta har na 58, ya ci tsere da kambunsa na bakwai, shi kuwa Stroll da ya ja ragama tun farko ya shiga ya ɗauko sabuwa ya ƙare na tara, duk da daga baya tawagarsa tace fiffiken gaban motar ya samu matsala. Domin sabuwar inta a irin wannan hanyar sai ta bi ta wani mataki na marmashewa na wasu zagaye kafin ta daidaita. Da shekara ta zagayo, a wannan hanyar dai, Hamilton ya so ya maimaita, tawaga ta kira shi ya ƙi, daga ƙarshe ya shiga saura zagaye takwas yana na uku ya ƙare na biyar yana ta faɗa a oba-oba. Wato bai samu ribar shiga da wuri ba, bai samu ta zama har ƙarshe ba. Ocon ranar ko sau ɗaya bai tsaya ba, ya lallaɓa ya tsira da maki ɗaya a na goma, kuma doka ta yarda, don wajibcin da ke kan kowane direba na amfani da taya iri biyu a tsere yana faɗuwa da zarar an sa ta ruwa. Me yasa Mercedes suka ji tsoro? Ina jin duk wanda ya san tarihin Hamilton zai tuna Chaina 2007, lokacin yana McLaren, aka bar shi a waje har tayar baya ta cinye ta kai zare, ya zo shiga gareji ya zame cikin tsakuwa a mashigar, motar ta maƙale. Kimi Räikkönen ya ɗauke kambun shekarar da maki ɗaya.

Sannan kar a manta kowace tawaga mota biyu gare ta amma wajen tsayawa ɗaya, makanikai rukuni ɗaya. Ranar bushewa ana raba musu lokaci, ranar ruwa kuwa dukkansu a zagaye ɗaya suke buƙatar shiga. Ko dai na biyun ya yi layi a bayan ɗan'uwansa ya rasa sakan uku zuwa biyar, ko a bar shi ya sake zagayowa. A Silverstone 2024 McLaren suna na ɗaya da na biyu, suka kira Norris suka bar Oscar Piastri ya ƙara zagaye akan silik don gudun layin, asarar da yayi ta ninka ta layin sau da yawa, Mercedes kuwa suka jera nasu biyun, Hamilton ya ci. Ferrari a Monako 2022 nasu ya fi muni, Charles Leclerc yana gaba a garinsu, aka sa masa inta, bayan zagaye uku aka sake kiransa neman silik, yana cikin shiga ake ce masa ya zauna a waje, ya tarar da abokin tawagarsa Carlos Sainz a wajen, ya ƙare na huɗu. Shi Sainz ɗin ƙin inta yayi tun farko yace daga mai shuɗi kai tsaye zai koma silik, ya tsallake tsayuwa guda, dabarar da Hamilton ya ci Monako da ita a 2016, ranar da Daniel Ricciardo ya shigo ya tarar Red Bull basu ma fito da tayoyin ba. A Monako ana iya wannan saboda hanyar ƙunci gare ta, ko kana rarrafe ba mai wuce ka cikin sauƙi.

Akwai kuma abin da ba a hannun kowa yake ba. Ranar ruwa ana yawan karo, in an yi karo motar tsaro ta fito kowa ya rage gudu, kuɗin shiga gareji ya ragu kusan rabi. In jar tuta ce ma, canjin taya kyauta ne gaba ɗaya. Burazil 2024, George Russell da Norris suna gaba suka shiga suka ɗauki sabuwar inta, Ocon da Verstappen da Pierre Gasly suka daure a waje da tsohuwa cikin ruwan da ke ƙaruwa, Franco Colapinto ya yi karo, aka tsayar da tsere, su ukun suka canza a ɓagas, kuma su ukun ne suka hau dandamali, Verstappen daga na 17. Wasu sun ce sa'a ce. Da sa'a a ciki, amma in ruwa ya kai wani mataki kowa a wajen ya san tsayarwa na nan tafe, zama a waje saboda ita lissafi ne.

Wannan ma shi ya kashe kasuwar taya mai shuɗi. Lita 85 ɗin nan da take kwashewa sama take watsa shi, na baya baya ganin komai sai farin hazo, kafin ruwa ya kai inda za ta yi amfani hukumar tsere ta riga ta fito da motar tsaro ko ta tsayar. Spa 2021 zagaye kaɗan aka yi a bayan motar tsaro aka raba rabin maki aka watse. A Suzuka ta Japan a 2022 da aka tilasta kowa ya sake tashi da ita, ana sakin su Vettel da Nicholas Latifi suka ruga suka cire ta, Vettel ya ƙare na shida, Latifi na tara.

To in muka dawo Sochi, ni inda nake ganin laifin yafi nauyi shine bakin garejin McLaren, ba don basu san gaibu ba, babu wanda ya sani, sai don sun tambayi yaron abin da shi ba zai iya gani ba, alhali lokutan waɗanda suka riga suka sa inta suna gabansu a allo, kuma da Hamilton ya shiga suna da zagaye guda da za su iya cewa shigo yanzu, ba shawara ba ce. Shugaban tawagar na lokacin Andreas Seidl bai jingina wa direban shi kaɗai ba, yace a tare suka kasa. Norris yana da nasa kason, wanda ya yi wa injiniyansa tsawa ya sa bakinsa yin nauyi a karo na gaba. Amma a'ar da yace ta farko, Hamilton mai kambu bakwai ma ita yace. Da Hamilton ya fito daga gareji wajen sakan 25 ne tsakaninsa da Norris, saura zagaye huɗu. Ya tsallake layin ƙarshe da tazarar sakan 53 tsakaninsa da na biyu, kuma na biyun Verstappen ne, wanda ya tashi daga na 20 ya riga su duka biyun shiga.